Tikitin Gudu a Kalifoniya: Zan Iya Kare Kaina ta Wasiƙa Ba Tare da Na Je Kotu Ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Sakramento, jihar Kalifoniya, ina aikin kai saƙo da motata. Ɗan sandan gari ya tare ni a wani babban titi, ya ce na'urarsa ta nuna ina gudun mil 47 a awa a inda allo ya ce 35. A takardar ya rubuta lamba 22350. Kotu ta aiko cewa tarar ta haura dala 230. Ga shi ranar da aka sa mini ta faɗa lokacin da zan je gida Kano bikin ƙanwata, kuma zan yi wata ɗaya da rabi. Wani ya ce in rubuta wa alƙali wasiƙar ban haƙuri ta gidan waya. Haka ake yi? Kuma wannan zai taɓa takardun zama ɗan ƙasar Amurka da nake shirin nema?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya sa a yi biki lafiya, ya ba su zaman lafiya. Wanda ya ba ka shawara ya faɗi rabin gaskiya. Lallai dokar Kalifoniya ta yarda a yi shari'arka ta wasiƙa, alƙali ya yanke hukunci kana can Kano. Amma abin da ake aikawa shaida ce a rubuce, wadda ka rantse a kanta. In ka mayar da ita wasiƙar ban haƙuri, kai da hannunka ka kayar da kanka.

Hannun da ka sa a takardar da ɗan sandan ya miƙo maka ba amsa laifi ba ne. Alkawari ne kawai cewa za ka amsa wa kotu kafin ranar da ke rubuce a ƙasa. Kalifoniya tana da gundumomi 58, kowace da babbar kotunta, kuma kotun gundumar da aka tare ka ita ke da shari'ar, ko da a wata gundumar kake zaune. A Sakramento, ginin da ake kira Carol Miller Justice Center ne ke kula da shari'o'in hanya, amma adireshin da ke jikin tikitinka da takardar tunatarwar da aka aiko maka shi za ka bi. Ranar nan kuwa ba a wasa da ita. Wanda ya bari ta wuce bai ce uffan ba, kotu na iya ƙara masa har dala 100 a kan tarar, tana iya yanke hukuncin ba ya nan, kuma saɓa alkawarin bayyana laifi ne mai zaman kansa a sashe na 40508 na dokar ababen hawa. Saboda haka ko me za ka zaɓa, ka yi shi kafin ka hau jirgi.

Hanyar da kake tambaya tana cikin sashe na 40902 na dokar ababen hawa, sannan doka ta 4.210 ta ƙa'idojin kotunan jihar ta shimfiɗa yadda ake bin ta. An tanade ta ne don ƙananan laifuffukan hanya waɗanda hukuncinsu tara ce kawai, irin su gudu, wuce jar danja, rashin tsayawa a allon tsayawa, ko riƙe waya ana tuƙi. Ba a yin ta a kan tuƙi cikin maye, ko laifin da zai iya kai mutum gidan yari. Tikitin ajiye mota shi ma ba ta nan yake bi ba, ofishin garin da ya ba da shi ake fara kai wa ƙorafi. Naka ya shiga ciki sarai.

Fom ɗin sunansa TR-205, umarnin cike shi kuma TR-200. Dukansu kyauta ne a shafin intanet na kotunan Kalifoniya. Kana iya cikewa ka aika kai tsaye kafin ranarka. Kana kuma iya fara rubuta wa akawun kotu cewa kana neman shari'a ta rubutaccen bayani. In buƙatar ta isa kafin ranar, dole ne ya ƙara maka kwana 25, ya aiko maka da fom ɗin da sabuwar ranar a jiki. Kai da ke kan hanya, ban so ka dogara da wannan ba, domin fom ɗin zai iya isowa gidanka bayan ka tashi.

Ga abin da ke ba mutane mamaki: sai ka haɗa da cikakken kuɗin tarar. Kotu tana kiransa beli, ajiya ce. In ka yi nasara a mayar maka da shi, in ka faɗi ya zama tararka. Tun 2015 aka kafa ƙa'idar cewa wanda zai je kotu da ƙafarsa ya musanta laifi ba a tilasta masa biya tukuna, amma sauƙin bai shafi mai shari'a ta wasiƙa ba. Ka sa cak ko takardar kuɗi ta gidan waya, ka rubuta lambar tikitin a jiki. Kada ka sa tsabar kuɗi a ambulan. Af, in kana mamakin yadda gudun mil 12 ya kai wannan kuɗi: asalin tarar wuce ƙa'ida da mil 1 zuwa 15 dala 35 ce kacal. Sauran duk ƙare-ƙare ne da jiha da gunduma suka ɗora, na ginin kotuna da gudanar da su da makamantansu.

Daga nan akawu zai aika wa ɗan sandan cewa shi ma ya rubuto nasa bayanin a fom TR-235 kafin wata rana. Alƙali zai ɗauki takardun biyu a ofishinsa ya karanta. Ba ya ganin fuskarka, ba ya jin muryarka, ba zai tambaye ka me kake nufi ba. Abin da ke kan takarda shi ne shari'ar gaba ɗaya.

A nan mutanenmu ke yawan tuntuɓe, kuma tarbiyya ce ke jawo mana. Mun tashi a inda babba in ya kama ka da kuskure, sai ka sunkuyar da kai ka ce a yi haƙuri, kuma sau da yawa a yi ɗin. Sai ka ga mutum ya cika shafi guda: shi magidanci ne, yana da 'ya'ya huɗu, bai taɓa laifi ba, ranar yana sauri ne zai ɗauko yaro a makaranta, ya ɗan wuce ƙa'ida kaɗan, alƙali ya dubi Allah ya yafe masa. Alƙalin zai iya tausaya masa har zuciya, amma tambaya ɗaya ce a gabansa: an tabbatar da laifin ko ba a tabbatar ba? Mutumin kuwa ya riga ya amsa masa ita da rantsuwa. Ko ɗan sandan bai rubuto komai ba, wannan jimlar ta "na ɗan wuce kaɗan" tana iya kayar da shi. Baki shi ke yanka wuya, alƙalami ma haka. Neman sassauci yana da ƙofarsa daban, zan zo kanta.

Kishiyar wannan ita ce ƙarya, kuma ta fi muni. A ƙasan fom ɗin kana sa hannu ne cewa abin da ka faɗa gaskiya ne, bisa hukuncin rantsuwar ƙarya a dokokin Kalifoniya, wanda babban laifi ne da ke iya kai mutum kurkuku. Kada ka ce kana gudun 35 alhali ka san ba haka ba ne. Doka ba ta tilasta maka faɗin abin da zai cutar da kai ba. Hukuma ce ke da nauyin tabbatar da laifi ba tare da kokwanto mai ma'ana ba, kamar dai a sauran shari'o'in laifi, duk da cewa a irin wannan ƙaramar shari'a ba a ba ka lauyan gwamnati. Tsakanin amsa laifi da ƙarya akwai fili mai faɗi, a cikinsa za ka yi rubutunka.

Ka yi sa'a da lambar da aka rubuta maka. Da a babbar hanya aka kama ka kana wuce mil 65, sashe na 22349 za a rubuta, kuma a can magana ɗaya ce: ka wuce ko ba ka wuce ba. Sashe na 22350 daban yake. Abin da ya hana shi ne gudun da ya wuce hankali idan aka dubi yanayin sama, da nisan da ido ke gani, da yawan motoci, da faɗin hanya da lafiyarta, ko gudun da zai jefa mutane ko dukiya cikin haɗari. Lambar da ke kan allo hujja ce ta farko a kanka, amma sashe na 22351 ya ba ka damar nuna cewa a wannan lokaci, a wannan wuri, tuƙinka bai saɓa wa ƙa'idar ba. Don haka bayaninka ya tsaya kan abubuwan da ake iya gani: ƙarfe nawa ne, rana ce ko dare, hanyar a bushe take ko a jiƙe, layi nawa ne kowane ɓangare, akwai shinge a tsakiya ko babu, miƙaƙƙiya ce ko mai kwana, motoci nawa ne kusa da kai, akwai masu tafiya a ƙasa ko 'yan keke. Duba tikitin da kyau, ɗan sandan kan cike gurbin yanayi da na cunkoso da hannunsa. In shi da kansa ya rubuta cewa gari garau yake, hanya a bushe, motoci kaɗan, to ka jawo hankalin alƙali a kai. Shaidar abokin shari'a ta fi taka nauyi.

Sai batun na'urar, wanda a ganina ya fi komai ƙarfi a shari'arka. Kalifoniya ta haramta abin da dokarta ke kira tarkon gudu, a sassa na 40801 zuwa 40805. Ma'anarsa a taƙaice: gari ba zai kafa allo da lambar da ya ga dama ba, sannan ya tsayar da ɗan sanda da na'ura yana tatsar mutane. Idan an yi amfani da rada ko leza a kan titin da aka ƙayyade wa gudu irin wannan, dole ne a ce injiniyoyi sun yi binciken hanyar, sun auna gudun da direbobi ke yi da gaske, kuma binciken ya goyi bayan lambar da ke kan allon. Dole ne kuma binciken bai tsufa ba. Asalin wa'adin shekara 5 ne, yana kaiwa 7 ko fiye idan an cika wasu sharuɗɗa, ciki har da cewa ɗan sandan ya yi horon na'urar na awa 24, kuma an gwada ingancin na'urar a cikin shekara 3 kafin ranar. In babu ingantaccen bincike, doka ta ce shaidar ɗan sandan a kan gudun ba ta karɓuwa, kuma nauyin nuna binciken yana wuyan hukuma. Ƙa'idar ba ta shafi ƙananan titunan unguwa da gaban makarantu ba, amma ka ce babban titi ne, don haka da alama ta shafe ka.

Binciken nan ba sirri ba ne. Ka nemi kwafinsa a sashen ayyuka ko na injiniyoyin hanya na garin, ka ambaci sunan titin da mahaɗu biyun da aka tare ka a tsakaninsu. Dokar bayanan jama'a ta jihar ta ba su kwana 10 su ba ka amsa. In ka samu ya tsufa, ko ka ga gudun da aka auna na yawancin direbobi ya fi lambar allon nesa ba kusa ba kuma ba a kawo dalilin rage ta ba, ka haɗa kwafin da fom ɗinka. In lokaci bai ba ka ba, ka rubuta a bayaninka cewa kana neman hukuma ta gabatar da binciken da shaidar gwajin na'urar da ta horon jami'in, kuma in ba a gabatar ba kana neman a kori ƙarar. Ka kuma ambaci motocin da ke gefenka in akwai su, domin hasken rada yana bazuwa ne yayin da yake nisa, kuma tambayar wace mota ya kama tambaya ce ta halal.

Ka koma wurin da rana irin wadda aka tare ka, ka ɗauki hotuna daga inda direba ke kallo: faɗin hanyar, inda allon yake, ko reshen bishiya ya rufe shi, da inda ɗan sandan ya tsaya. Ka buga su a takarda, ka sa musu lamba, ka ambaci kowace a cikin bayanin. Zane mai sauƙi da biro ma yana taimakawa. Idan akwai wanda ke cikin motar, shi ma ya rubuta abin da ya gani a fom MC-030 ya sa hannu. Gurbin rubutu a TR-205 ƙarami ne, in bai ishe ka ba ka ci gaba a MC-031. Da Turanci ake rubutawa, kuma Turanci mai sauƙi ya fi. Shafi ɗaya zuwa biyu ya wadatar. Ba ka buƙatar manyan kalmomin lauyoyi, kuma kada ka zagi ɗan sandan ko ka ce don launin fatarka ya tare ka in ba ka da abin da za ka nuna. Alƙalan hanya suna karanta irin waɗannan takardu da yawa, wanda ya tafi kai tsaye ga magana shi ake saurara.

Za ka ji ana cewa ai 'yan sanda ba sa damuwa su rubuto nasu, saboda haka nasara tabbas ce. Akwai ƙamshin gaskiya, domin in jami'in bai rubuto ba galibi akan kori ƙarar. Sai dai wasu ofisoshin suna bin jami'ansu sosai a kan wannan, kuma dokar ta yarda a ɗauki tikitin kansa a matsayin shaida. Wanda ya rubuta "ban yi laifi ba" kawai ya aika, caca ya yi. Kamfanonin da ke talla a intanet cewa za su kashe maka tikiti, mafi yawansu wannan fom ɗin na kyauta suke cike maka su karɓi kuɗi.

Wajen aikawa, ranar da takardar ta isa hannun akawu ake dubawa, don haka hatimin gidan waya na ranar ƙarshe ba zai cece ka ba. Ka aika da aƙalla mako guda a gaba, ta wasiƙa mai rajista wadda ake dawo maka da koren katin shaidar karɓa. Ka yi kwafin komai, har da cak ɗin, ka ɗauki hotonsu a wayarka.

Yanzu ga inda tafiyarka ke da haɗari. Hukuncin zai zo ta wasiƙa a fom TR-215, kuma ƙa'ida ta ba kotu har kwana 90 daga ranar da aka sa maka. In bai yi maka daɗi ba, kana da haƙƙin sabuwar shari'a a gaban alƙali ido da ido, daga farko, kamar ba a taɓa yin ta wasiƙa ba. Wannan shi ne babban alherin tsarin Kalifoniya. A jihar Washinton, misali, ana yin shari'a ta wasiƙa, amma hukuncin da ya fito ba a ɗaukaka shi. Sai dai haƙƙin yana da wa'adi: kwana 20 daga ranar da kotu ta aika hukuncin, ana lissafawa har da Asabar da Lahadi, kuma fom TR-220 ya isa kotu a cikinsu. Daga ranar aikawa ake ƙirga, ba ruwan kotu da ranar da ka buɗe akwatinka. In hukuncin ya fito a makonka na biyu a Kano, kafin ka dawo ƙofar ta rufe.

Mafita biyu ce. Yawancin kotunan hanya kan ba da ƙarin lokaci sau ɗaya ga wanda ya nema kafin ranarsa, ta intanet ko ta waya ko a tagar akawu. In ƙarin ya kai bayan dawowarka, ka karɓa, ka yi komai a natse in ka dawo. Wannan na fi so maka, domin zai ba ka lokacin samo binciken hanyar. In bai kai ba, ka aika TR-205 kafin ka tafi, ka bar amintaccen mutum yana duba akwatin wasiƙunka, kana kuma leƙa lambar shari'arka a shafin kotun daga can. Ka tabbata adireshin da ke kan fom ɗin shi ne inda kake zaune yanzu. Mutanenmu suna yawan sauya gida su manta da adireshin da ke kan lasisi. Idan aka kai ga sabuwar shari'a, akawu zai sa rana cikin kwana 45 da karɓar buƙatarka, ɗan sandan sai ya zo da kansa, kana da damar yi masa tambayoyi, kuma kana iya neman tafinta kyauta tun da wuri. Bayaninka na farko yana cikin fayil, kada bakinka ya saɓa da shi.

Kafin ka yanke shawara, ka auna me kake karewa. Ga mai aiki da mota, makin laifi da hukumar lasisin tuƙi ta DMV za ta rubuta ya fi tarar ciwo. Wannan laifi maki ɗaya ne, yana zama shekara 3 a tarihin tuƙinka, kamfanin inshora yana gani, kamfanin da kake kai wa saƙo shi ma yana dubawa. Maki 4 a wata 12, ko 6 a wata 24, ko 8 a wata 36 suna kai ga dakatar da lasisi. Ragin kashi 20 cikin ɗari da doka ta tilasta wa kamfanonin inshora su yi wa direba mai tarihi mai kyau ana ba da shi ne kawai ga wanda makinsa bai wuce ɗaya ba a shekara 3. In kana da wani makin a baya, wannan na biyun zai taɓa aljihunka kowane wata.

Makarantar masu laifin hanya ita ce tabbatacciyar hanyar ɓoye makin. Ka biya tarar, da kuɗin kotu, da na makarantar, ka yi darasin ta intanet, sai a rufe laifin daga idon kamfanin inshora. Ana ba da ita sau ɗaya a wata 18, ga wanda bai wuce ƙa'ida da fiye da mil 25 ba kuma ba babbar motar kasuwanci yake ja ba. Ƙa'idar kotu ta 4.104 ta ce neman shari'a ba ya hana mutum cancantarta, amma bayan shari'a alƙali ne ke da zaɓin bayarwa ko hanawa. Don haka ka rufe bayaninka da jimla ɗaya: idan kotu ta same ni da laifi, ina roƙon a ba ni damar zuwa makarantar. Wannan ba amsa laifi ba ne. In ka duba binciken hanyar ka ga sabo ne kuma daidai, hanyar kuma a cike take ranar, gaskiya makarantar kai tsaye ta fi maka kwanciyar hankali. Wanda kuma damuwarsa kuɗin ne, nan ne wurin maganar 'ya'ya da ƙarancin albashi: akwai tsarin MyCitations na intanet inda ake neman rage tara ko biya kaɗan-kaɗan saboda rashin hali. Amma sai ka amsa laifin kafin a rage, don haka ba a haɗa shi da musantawa.

Game da takardun zama ɗan ƙasa, tikitin gudu guda ɗaya ba ya hana mutum. Fom N-400, wanda ake cikewa don neman zama ɗan ƙasa, yana tambaya ko wani jami'i ya taɓa kama ka ko ya rubuta maka takardar laifi, kuma tikitin hanya yana cikin wannan, don haka ka ambace shi ko da an kori ƙarar. Umarnin fom ɗin ya ce ba sai an haɗa takardun kotu ba idan abin bai shafi giya ko ƙwaya ba, ba a kama mutum ba, kuma tarar ba ta kai dala 500 ba. Duk da haka ka adana TR-215 ko rasit ɗin biya, ka tafi da su ranar ganawa. Abin da ke jawo wa mutane tambayoyi a wurin jami'in shige da fice shi ne tikitin da aka yi watsi da shi har ya zama saɓa wa kotu, ko wanda aka ɓoye aka ce ba a taɓa samu ba. In kana da wata tsohuwar shari'a da ta wuce ta hanya, ka nuna wa lauyan shige da fice kafin ka cike fom ɗin.